Ramar Ukasha

Ukasha ya diro daga kamiyonsa da tsalle ɗaya, ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, gwiwa ba ta ce uffan ba. Hantsi ne a tashar manyan motoci ta Ƙwanni. Hayaƙin tsire ya gauraye da warin man mota, masu shayi na ta kaɗa cokali a kofi kamar masu kiran ciniki da ƙararrawa. Ya miƙe hannuwa sama, ya ɗauko kwanonsa a bayan kujera, ya nufi bencin direbobi.

"Ku matsa, ku matsa! Ga akuyar Magariya nan ta iso da ganyenta!"

Ilyasu ne, abokinsa tun suna koyon tuƙi. Yana zaune ya cinye rabin benci shi kaɗai, hannu ɗaya riƙe da burodi da aka cusa wa ƙwai da mayonez, ɗaya hannun kuma gwangwanin lemon hana barci. Direbobi suka kwashe da dariya. Ukasha ma ya dara, ya zauna ya buɗe kwano. Kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli, ya yanka gurji da albasa a kai, ga dafaffen wake a gefe.

"Bismilla," in ji shi.

"A'a, ci abinka. Ni ban yi wa kowa laifin da za a hore ni da wannan ba." Ilyasu ya leƙa fuskarsa, dariyar ta ɗan ragu. "Amma tsakani da Allah, Ukasha, lafiya kake? Dubi wuyanka fa."

"Ban taɓa jin daɗin jikina kamar yanzu ba."

Gaskiya ya faɗa. A bara war haka, sitiyari gugar cikinsa yake yi. Tun bai je Makka ba ake kiransa Alhaji, saboda tumbi. Yana ɗauko wake da riɗi daga kasuwannin Dungas da Magariya ya kai Yamai, ya komo da siminti, kuma kowace tasha a hanya tana da abin da take ba shi: nan balangu, can shinkafa tana iyo cikin mai, gaba shayi mai kaurin madara. In barci ya matsa, ya fasa gwangwani. Idan ya shigo gari mutane su ce, "Kai, mota ta karɓe ka!" shi kuma ya shafa ciki yana murmushi.

Wata rana da azahar, a hanyar Waca, ya ga duniya ta yi duhu. Da idanunsa suka washe, sai ya tarar da motar ta bar hanya, ta tsaya cikin rairayi, ga mata masu dawowa daga kasuwa sun watsar da ƙwaryoyinsu suna salati. Ɗaya cikinsu goyo ne da ita. Fuskar jaririn ba ta bar zuciyarsa ba har ya isa asibiti a Magariya. Can wata majo, ma'aikaciyar jinya mai suna Haoua, ta ɗaura masa abin awo a damtse, ta soki yatsansa, ta dube shi.

"Malam Ukasha, tansiyonka ya hau sosai, hawan jini ke nan, sukari ma ya fara shiga jininka. Zan ba ka magani, amma babban maganin yana cikin kwanonka."

Matarsa Nafissa ce ta ɗauki maganar da gaske fiye da shi. Ta shanya zogale da rama, ta daka ƙuli-ƙuli, ta sa ya sayi ɗan murhun gas na cikin mota. Da farko ya sha wuya. Ƙamshin tsire kan biyo shi har cikin barci. Amma ya daure. Duk inda ya yi sallar asuba sai ya taka da ƙafa har gari ya waye sosai, sannan ya tada mota. In barci ya zo, ya faka a inuwa ya kwanta. Sannu a hankali wanduna suka fara zamewa, numfashi ya daidaita, ciwon kan nan na yamma ya tafi bai yi sallama ba.

* * *

Abin da bai yi tsammani ba shi ne bakin mutane.

A Magariya, in ya ratsa kasuwa sai ya ga ana bin sa da ido. Masu sayar da goro da suka saba yi masa kirari yanzu sai su ce, "Sannu, Alhaji. Ya jiki?" Wasu suka ce mai motar ne ya daina biyansa. Wasu suka ce Nafissa ta mallake shi, har abinci sai ta auna masa. Mafi muni shi ne abin da aka raɗa wa Nafissa a gidan suna, cewa direbobi ai an san irin cutar da suke kwasowa a hanya.

"Baban Hudaifa, ni fa na gaji," ta ce masa da ya dawo, idonta ya yi ja. "Mata ko kwano ɗaya ba sa son haɗawa da ni."

"Ki bar su. Ni da ke mun san gaskiya."

Maganar ta riga shi isa ƙauyensu da ke gabas da Dungas, inda mahaifiyarsa Inna Ƙande take zaune. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Mai Mota. Ranar da ya je gaishe ta, ta daɗe tana kallonsa kafin ta amsa gaisuwa. Ta kama damtsensa ta matsa, kamar mai taya rago.

"Mai Mota, ina sauranka?"

Ya yi dariya, ya yi mata bayanin majo da tansiyo da sukari. Tana ta gyaɗa kai, amma idonta na kan ƙashin wuyansa. Da zai tafi ta miƙo masa ƙullin leda.

"Garin kunu ne, da hannuna na daka. Gero ne zalla da citta da kanumfari. Ko shi ma majon taku ta hana?"

"Ba ta hana ba, Inna. In dai ba sukari."

"Babu. Ka riƙa damawa kullum da safe."

Kunun ya yi masa daɗi. Akwai ɗan ɗaci a ƙarshensa, ya ce kayan yaji ne. Duk tafiya sai ta aiko da sabon ƙulli ta hannun masu taksin ƙauye. A Tasawa, a Dogon Dutsi, a bakin hanyar Dosso, yakan zauna gefen taya yana kurɓa, yana jin kamar yana tsakar gidansu.

* * *

Ba a jima ba yunwa ta fara cinsa irin wadda bai taɓa sani ba. Ya cinye kwaɗo ya ji kamar bai ci komai ba. Kumatunsa suka ciko, fuskar ta yi zagaye tana sheƙi. Ƙishirwa ba ta yankewa, fitsari ya sa yana tsayar da mota a kai a kai. A tasha kuwa sai murna ake taya shi.

"Yauwa! Yanzu ka dawo mutum," in ji Ilyasu.

Shi dai ya san jikinsa. Wannan ba ƙiba ba ce, wani abu ne ke hura shi. Da ya sauke kaya ya wuce wajen majo Haoua. Ta auna, ta sake aunawa, ta ajiye abin awon a hankali.

"Sukarinka ya fi na ranar farko. Ka koma shan lemon gwangwani?"

"Wallahi ko ɗaya."

"Wace ƙwaya kake sha bayan wadda na ba ka?"

"Babu."

Ta kama haɓarsa ta juya fuskar zuwa taga. "Na san wannan kumburin. Kullum ina ganinsa a fuskar 'yan mata da amare. Ƙwayar sa ƙiba ce, wadda ake tallarta a faranti a kasuwa, suna ce mata sha ka fashe. Maganin wata cuta ce daban, mai ƙarfi. Ga mai sukari irinka, tana iya kwantar da shi, tana iya makantar da shi. Ka yi tunani, me kake ci da ba kai ko matarka kuka haɗa ba?"

Ukasha ya buɗe baki zai ce babu, sai ɗacin nan ya dawo masa a harshe. Ya gaya mata labarin garin kunun Inna.

Majo ta ce kada ya yanke shan abin farat ɗaya, jiki ya riga ya saba. Ta ba shi ƙwayar a ƙidaye daga asibiti, ta tsara masa yadda zai janye a hankali, ta kuma hana shi tuƙi sai ta ga sukarin ya sauka.

* * *

Ya sami Inna Ƙande a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarta. Ta dubi kumatunsa, fuskarta ta cika da fara'a.

"Alhamdu lillahi. Ka ga jiki ya fara dawowa."

"Inna, me kike sawa a garin kunun nan?"

Ba ta ɓoye ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata 'yar leda cike da ƙananan ƙwayoyi, ta ajiye a gabansa kamar mai nuna abin kirki.

"Ranar kasuwar Dungas nake saye. Mai maganin ya ce ko sanda aka ba wa sai ta yi ƙiba. Duk gidan da za a kai amarya shi suke ba ta."

"Inna, majo ta ce da na ci gaba da sha, da kwanciya zan yi. Ko in rasa idona. Ko abin ya same ni ina kan sitiyari, in hallaka bayin Allah."

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. "Ni? Ni zan kashe ka?"

"Ba ki sani ba ne."

"To me kake so in yi?" Ta ture gyaɗar gefe. "In je rijiya a ce ɗan Ƙande ya ƙare. In je gaisuwar mutuwa a riƙa yi mini sannu tun kana raye. Kai ba ka ga mahaifinka ba lokacin da ya fara ramewa. Haka wuyansa ya yi, haka rigarsa ta riƙa rataya a kafaɗa, damina ba ta zagayo ba muka binne shi. Kuma shekarar yunwa, kana goye a bayana, haƙarƙarinka nake ji yana sukata. Na roƙi Allah ya nuna mini ranar da za ka ci ka ƙoshi. Ya nuna mini. Yanzu kuma ka zo kana cin tafasa da zogale, abin da muka ci don babu!"

Ukasha ya sunkuyar da kai. Duk bayanin da ya shirya a hanya ya ga ba zai shiga ba. Kaji na ta tsattsagar ɓawon gyaɗa a tsakaninsu. Can ya ɗago.

"Inna, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin da ake ce mini Alhaji, a zaune nake salla. In na yi sujada numfashi ɗaukewa yake, in na durƙusa sai an kama ni nake tashi. A masallatan hanya, can baya nake komawa wajen tsofaffi, in jingina da bango. Ni da ban kai hamsin ba." Ya taɓa goshinsa. "Yanzu nan yana taɓa ƙasa, har in daɗe ina yi miki addu'a."

Ta dube shi, ta dubi goshin. La'asar ta yi, ya tashi ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida. Ba ta koma ɓarar gyaɗa ba. Tana zaune tana kallon yadda yake sunkuyawa, yake kai goshi ƙasa, yake miƙewa ba tare da ya dafa komai ba. Da ya sallame, sai ya ga ta ɗauki ledar ƙwayoyin ta nufi bayan gida. Ta dawo hannu wofi, tana share ido da bakin zane.

"Gobe ka turo mini Nafissa," ta ce. "Na yi mata zato mara kyau."

* * *

Kumburin ya sauka kafin kaka. Majo ta sake shi, ya koma hanya, kwanonsa a bayan kujera. Yanzu zogalen ma daga bayan ɗakin Inna Ƙande ake tsinko shi, ita ke shanyawa, Nafissa ta haɗa. Ilyasu bai daina kiransa akuya ba, ko da yake wata rana a Maradi ya sa hannu cikin kwaɗon, ya ce ɗanɗanawa kawai yake yi, ya cinye rabi.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Salla, Ukasha ya kai wa Inna rago. Ta shiga ɗaki ta fito da kaya a naɗe. Babbar riga ce ta shadda, an yi mata sitati har tana tsayawa da kanta, faɗinta ya isa mutum biyu. A ƙarƙashinta akwai wata riga mai kauri.

"Ka sa duka biyun ranar Idi," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ni na gane. Su ba su gane ba."

Ya so ya yi magana, sai ya ga yadda yatsunta ke shafa aikin wuyan rigar. Ya karɓa da hannu biyu.

Ranar Salla rana ta buɗe tun da wuri. Ukasha ya taho filin Idi, rigar ta buɗe kamar tanti, tana ƙara duk inda ya motsa. Dattawan ƙauye suka riƙa miƙo masa hannu.

"Masha Allah, Alhaji! Jiki ya dawo. Yanzu muka ga ɗan Ƙande!"

Ya amsa musu da murmushi. Can cikin mata ya hango Inna ta ɗaga kai tana karɓar barka. Ya shiga sahu, zufa na gangarowa ta bayansa, shi kaɗai ya san yawan iskar da ke tsakaninsa da rigar.