Yunwar Batirin Inna Direba

To, ku matso kusa, ga ta nan ta iso, ga ta nanku.

Ta shigo mana mu ji ta.

Wata tsohuwa ce ake kira Inna Direba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana jan motar wani gidan burodi, tana rarraba shi shago shago, har ta san kowane rami na kowane titi kamar yadda ta san haƙoranta da suka rage. Da ta ajiye aiki sai ta sayi wata 'yar farar mota ta hannu, wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta sama. Tana zaune a ɗakin gefe a gidan babban ɗanta, wanda kowa ke kira Manaja, har ita uwar tasa, don tun yana ɗan shekara shida yake jera takalman mutanen gida bisa tsawo.

Rigimar ta faro ne daga ƙyauren gida. Wata rana Inna tana fitowa da baya sai ta goge shi, fenti ya ɗan kankaru kamar faɗin tafin hannu. Manaja ya tsaya yana kallon wurin kamar an yi rasuwa.

"Inna, idonki ya fara gajiya."

"Ƙyauren naka ne ya karkace. Shekara biyu ina gaya maka."

Bai saurara ba. Ya kafa doka: daga gida zuwa kantin magani, daga kantin magani zuwa shagon kayan miya na ƙarshen layi, shi ke nan. Ba babban titi, ba gada. Kullum in ya dawo daga ofis sai ya leƙa ta gilashi ya ɗauki hoton mitar motar da wayarsa. Inna ta haɗiye, don ɗa ne, kuma ta san tsoro ne ke cinsa.

Wata huɗu ana haka sai motar ta fara nauyin tashi. Ka murɗa makulli ta yi nishi kamar mai ciwon baya kafin ta kama. Ran nan ta ƙi gaba ɗaya, maƙwabta suka tura. Bayan mako biyu ta sake ƙi, wannan karon Manaja da kansa ya tura, da takalmin ofis da farar riga, ya zame a bakin kwata har gwiwar wandonsa ta yage. Da motar ta tashi ya zo jikin taga yana haki.

"Inna, wannan ne na biyu. Na uku ba mai turawa. Ranar da ta sake ƙi, ki miƙo min makulli, na kira dillali ya ɗauke ta. Ke ki huta, ita ma ta huta."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Na dai faɗa."

To, abin da ke gaban Inna ke nan. Ita kuwa makullin nan, in an karɓe shi, an mayar da ita tsohuwar da ke zama a kujera tana jiran wanda zai ce, "Inna, ko in sauke ki?" Wannan kalmar ta fi mata ciwon gwiwa zafi.

Tana shara a ɗaki da hantsi sai ta tuna da kyautar Auta. Autarta ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, kuma zuwanta na ƙarshe ta kawo mata wani ɗan baƙin akwati, bai fi littafi mai kauri ba, da wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace da baki mai haƙora kamar na ɗan kada. Ta ce akwatin tada mota ne, in batir ya mutu a maƙala shi, ba sai an nemi 'yan turi ba. Inna ta yi godiya, ta kuma yi masa abin da take yi wa duk wata kyauta mai daraja. Ta naɗe shi cikin sabon ɗankwali, ta sa shi can ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin faranti shida da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Wata goma sha ɗaya yana nan kwance.

Ta tono shi, ta danna maɓallin da ke gefe. Fitilu huɗu ne a jere. Ɗaya ta yi ƙyaf, ta mutu.

"Kai ma?" in ji Inna.

Ta jefa shi a jaka. Motar ta yi nishinta ta kama da ƙyar, Inna ta wuce kantin magani, ta wuce shagon kayan miya, ta karya kwanar da aka hana ta, ta tsaya a ƙofar Mai Batir.

Mai Batir tsohon abokin faɗanta ne tun zamanin motar burodi. Rigarsa duk huji ce saboda ruwan batir, shagonsa kuma ba wurin sa ƙafa, batura ne jere a ƙasa, wayoyi sun fito daga kansu kamar marasa lafiya ana yi musu ƙarin ruwa.

"A'a! Direba! Ashe kina raye? An ce ɗanki ya ɗaure ki a turke."

"Bakinka bai tsufa ba, sauran jikin ne. Duba min wannan."

Ya karɓi akwatin, ya danna, ya shinshina ɗankwalin da ke jikinsa.

"Turare nake ji. Ina kika ajiye shi?"

"Inda nake ajiye kayan kirki."

"Yaushe rabonsa da caji?"

"Sabo ne fa. Ban taɓa ko taɓa shi ba."

Mai Batir ya yi dariya har da tari. "Shi ne kika kashe shi da gata! Direba, wannan ba faranti ba ne. Ko yana kwance yana zubar da wutarsa kaɗan kaɗan. In kika bar shi ya ƙare ƙarƙaf ya daɗe a haka, wani lokacin ba ya farfaɗowa. Bari mu gani ko da sauran rai."

Ya soka shi a soket. Suka zuba ido. Shiru, shiru, sai fitila ɗaya ta fara ƙyaftawa a hankali.

"Ya amsa," in ji shi. "Ki ƙarasa masa a gida. Daga yau duk wata biyu ki ba shi wuta, ko kin yi amfani da shi ko ba ki yi ba. In kin tada mota da shi, ranar ki mayar masa da abin da ya ci. Kuma kar ki ce za ki bar shi a mota cikin rana. Wani ya kawo min nasa jiya, ya kumbura kamar burodinku na da."

"Burodinmu bai taɓa yi maka laifi ba, kyauta kake ci."

Ya nuna mata yadda ake yi, ja a kan ƙafar batir mai alamar ƙari, sannan baƙa a ɗayan, kada bakunan su taɓa juna. In ta murɗa bai kama ba, kar ta nace, ta saki, ta ƙirga talatin, sannan ta sake. Ya sa ta yi sau uku da hannunta. Sannan ya buɗe bonet ɗin motarta, ya goge farin garin da ya taru a kan batirin da ruwan zafi da ɗan buroshi, ya ɗora mitarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Batirin nan bai kai shekara biyu ba, ni na sa miki shi. Ina kike zuwa da motar?"

"Kantin magani."

"Sai ina?"

"Ƙarshen layi."

"Minti nawa?"

"Uku. In akwai mai kura a gaba, huɗu."

Ya dafe kai. "To ai ba tsufa ke damunsa ba, yunwa ce. Duk tashin mota loma guda take gutsura a jikinsa, injin ne ke mayar masa in ana tafiya. Minti uku ko ya jiƙa maƙoshi bai yi ba. Kina ta ɗiba ba kya zubawa. Ki bar min shi ya kwana a caji, sannan duk mako ki hau babban titi ki yi minti arba'in."

Inna ta tsaya cak. Wato dokar da aka kafa mata ita ce ta kashe batirin, kuma da gawar batirin za a ƙwace mata mota.

"Ba zai kwana a nan ba," ta ce. "In Manaja ya dawo ya tarar ba batir, ya samu hujja."

"To ki zaga yanzu mana."

"Yana ɗaukar hoton mita. Kuma ni ba zan saci hanya a motata ba kamar ɓarauniya. In zan hau titi, a gaban idonsa zan hau."

Ta koma gida ta soka akwatin a soket ɗin da ke kusa da gadonta, gefen kwalbar maganin hawan jini. Kafin la'asar fitila uku sun kama. Ta huɗun ba ta kama ba, ba ta kuma sake kamawa ba har yau. Wannan shi ne ladan ɗankwali.

Sai mura ta kwantar da ita kwana biyar, motar na tsaye ba ko motsi. Ranar Asabar da safe ta fito da gyale da jakarta. Manaja na zaune a baranda da kofin shayi, ba ofis, ba inda za shi. Ta ɗaga ƙofa ta shiga, ta murɗa makulli.

Ƙat, ƙat, ƙat. Ko nishin ma babu.

Manaja ya ajiye kofi. Bai yi murna ba, a ba shi wannan. Ya tako a hankali ya miƙo tafin hannu.

"Inna."

"Me zan sa maka a ciki? Alewa?"

"Mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Matsa min."

Ta ja mabuɗin bonet, ta fito, ta ɗaga shi ta tokare da sanda. Ta zaro akwatin daga jaka. Matar Manaja ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, maƙwabcin da ke wanke babur ya daina. Inna ta maƙala ja. Ta maƙala baƙa. Fitila kore ta kama. Ta koma ta zauna ta murɗa.

Injin ya yi gurnani sau biyu, ya saki.

Zuciyarta ta ce ki sake, ki sake yanzu yanzu kafin ya buɗe baki. Ta cire hannu daga makullin ta ɗora a cinya, ta fara ƙirgawa a ranta.

"Inna, don Allah ki bari," in ji Manaja, muryarsa ƙasa ƙasa. "Mutane na kallo. Ba motar ce damuwata ba. Kullum ina ofis in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce ko ke ce aka kira a gaya min."

Sha tara, ashirin. Ta ji maganar har ƙashi, amma ba ta daina ƙirga ba.

"Na ji ka," ta ce. Talatin. Ta murɗa.

Motar ta girgiza, ta yi tari, ta kama. Maƙwabci ya buga soso a bokiti ya ce, "Sai Direba!" Inna ba ta ko kalle shi ba. Ta fito ta cire baƙa, ta cire ja, ta rufe bonet da tafin hannu, ta juyo ga ɗanta.

"Yanzu kai ka ji ni. Batirin nan lafiyarsa ƙalau. Yunwa ka sa masa, minti uku minti uku, kamar yadda ka sa min. Maganinsa minti arba'in a babban titi, kuma yanzu za ni. Kana tsoron idona? Ga kujera nan. Shiga ka gani da naka. In na taka layin tsakiyar titi ko sau ɗaya, in na sa ka riƙe ƙofa don tsoro, da hannuna zan ba ka makullin. In ba za ka shiga ba, buɗe min karkataccen ƙyauren nan."

Manaja ya dubi silifas ɗin ƙafarsa, ya dubi matarsa. Matar ta koma kicin abinta. Ya buɗe ƙyauren, ya zagayo ya shiga, ya ja bel har wuya.

Suka wuce kantin magani. Suka wuce ƙarshen layi. A ƙofar Mai Batir ta danna hon sau biyu, ya ɗago da buroshi a hannu yana ihun, "An kwance turke!" Ta hau gada, ta sa giya ta huɗu da motar ta manta da ita. Can gaba wata babbar mota ta fara yanko hanya ba sigina, amma Inna ta riga ta rage gudu tun kafin ta karkato.

"Ya aka yi kika san direban zai shigo?" in ji Manaja.

"Tayarsa ta gaba na kalla. Kai fentin kake kallo."

A hanyar dawowa, da suka zo wani allon kwatance, ya ce ta karanta masa. Ta karanta manyan baƙaƙen. Ƙananan na ƙasa kuwa suka gagare ta.

"Waɗannan ban gani ba," ta ce. "Ran Litinin ka kai ni a auna min tabarau. A motata, ni ke ja."

An yi mata tabarau, kuma ita da kanta ta daina tuƙi in rana ta faɗi. Makulli yana nan a jakarta. Manaja ya goge hotunan mita daga wayarsa, ya kira mai walda ya miƙe ƙyauren, kuma duk Asabar yakan shiga gaba su yi minti arba'in ɗinsu, yana riƙe da bel. Batirin ya ƙara shekara biyu kafin Mai Batir ya canja shi. Auta ta ji labarin ɗankwali ta waya, ta yi dariya har aka leƙo daga ɗakin marasa lafiya. Akwatin kuwa yana kan tebur gefen kwalbar magani, da fitilunsa uku, Inna na ba shi wuta duk ranar da ta karɓo sabon magani.