Saƙon Alhaji Mijinyawa

Manjan ya riga ya ratsa ƙasan akwatin ya fara bin kafet kafin Karimatu ta gane daga inda warin yake tasowa. Ta yi jifa da jakar aikinta a bakin ƙofa, ta durƙusa ta zuge zif. Wata jarka ce da ba ta san da ita ba, an cusa ta a tsakiyar kayanta, an danne har murfin ya tsage. Hijabanta sun yi jajir. Sabbin takalman hawan dutse da ta yi watanni tana zagaya tafkin unguwarsu ta Thamesmead a London da su don su saba da ƙafarta, suna kwance a cikin mai kamar naman miya.

"Baban Hanifa!"

Nata'ala ya leƙo daga kicin da kofin shayi a hannu. Ya dubi akwatin, ya dubi matarsa, ya ɗan ja da baya.

"Subhanallahi. Ai na ce wa matar Almu ta ɗaure bakin da leda."

"Matar Almu? Me ya kawo manjan matar Almu cikin akwatina?"

"Ƙanwarta ce a New York take sha'awar na gida. Ɗan saƙo ne."

Sai a lokacin ta ɗaga kai ta ƙare wa falon kallo. Da safe ta bar shi fes ta tafi aikinta na ƙarshe kafin hutu. Yanzu ko wurin sa ƙafa babu. Ledoji a kan kujera, kwalaye a ƙarƙashin tebur, ƙullin daddawa, robar yaji, kilishi naɗe a takarda, turamen atamfa, har da tukunyar turaren wuta. Kowanne an manna masa suna da sunan gari: Atlanta, Chicago, Maryland.

Gobe Juma'a jirginta zai tashi zuwa Las Vegas. Ran Asabar da safe motar ƙungiyar matan da ta yi booking da su za ta kama hanyar Grand Canyon, wani ƙaton kwari a tsakanin duwatsu, kuma motar ba ta jiran kowa. Ɗakin kwana a bakin kwarin tun bara aka kama shi, domin wuri ne da ba a samu sai an yi sammako. Ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta da 'yarta. Ta san mutanenta: ka ce za ka Amurka, ka zama motar kaya.

"Wa ka gaya wa?"

"Ni? Addu'a kawai na nema miki a masallaci."

"A lasifika?"

"Haba Karima. Tafiya ce mai nisa, ba a nemi addu'a ba?"

Ta zaro takalmi ɗaya, man yana ɗiga ta igiyar. Shekara ashirin da wani abu tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Abbey Wood. Ta ɗaga, ta kwantar, ta yi wanka, ta share, ta tura keken marasa lafiya daga wannan lungu zuwa wancan har kafaɗarta ta dama ta daina ɗaguwa sosai. A ɗakin cin abincin gidan akwai wani tsohon hoton Grand Canyon a bango: jajayen duwatsu sun tsage gida biyu, ƙasa ta buɗe har ido ya gaji bai kai ƙarshe ba. Kullum tana ba wani tsoho abinci a baki, idonta yana kan hoton. Ba kyan wurin ne ya fi kama ta ba. Abin da ta lura da shi shi ne babu ƙofa a cikinsa, babu ƙararrawa, babu wanda zai kira sunanta. In ta dawo gida kuwa, tagar flat ɗinsu bangon siminti take kallo.

"New York da Las Vegas," ta ce tana ƙoƙarin riƙe muryarta, "ka san nisan da ke tsakaninsu? Kuma nama ba ya shiga ƙasar nan. A filin jirgi za su kwashe kilishin, ni kuma su tsare ni ina bayani."

"Ai duk Amurka ce. In kin isa, sai ki sa a mota a kai musu."

"Wace motar? Tashar Unguwa Uku ka ɗauka?"

Ƙofa ta buɗe, Hanifa ta shigo da igiyar katin ofis a wuya. A London aka haife ta, Hausarta tana fitowa ne da ƙyar in ranta ya ɓaci. Ta tsaya turus.

"Oh my God. Abba, me ye wannan? Mun buɗe shago?"

"Ke, gaishe da mutane tukuna."

"Sannu Abba. Me ye wannan?"

Karimatu ba ta jira amsarsa ba. Ta miƙe, ta fara ɗaukar ledojin biyu-biyu tana fitarwa baranda. Duk wanda ya kawo ya zo ya ɗauki abinsa. Su yi da ita a masallaci, su yi da ita a biki, ta ji ta gani. Ta kai hannu kan wani babban akwati ruwan zinare da ke jingine a bayan kujera, sai Nata'ala ya yi wuf ya dafe shi.

"Wannan kam a'a. Na Alhaji Mijinyawa ne."

Ta san sunan, wa bai sani ba. Mai gidaje a St John's Wood, mai zuwa London duba lafiya kamar yadda wasu ke zuwa kasuwa. Nata'ala ya yi shekaru yana ɗaukarsa daga Heathrow a tasinsa, yana dawowa gida da labarin abin da Alhaji ya ce da abin da Alhaji ya ci.

"Kayan lefe ne," in ji shi. "Ɗansa Hamdan zai yi aure a Houston ranar Lahadi. Alhaji ya riga ya wuce, wannan ne ya makara daga Kano."

"Allah ya sanya alheri. Ba ta Houston zan bi ba."

Nata'ala ya ajiye kofin a kan kwalin wani. Ya shafa gemunsa. Karimatu ta san wannan shafar, tun suna amarya da ango ta san ta.

"To, ai maganar da nake so mu yi ke nan."

"Abba," Hanifa ta ce a hankali, "what did you do?"

Nata'ala ne ya sayi tikitin tun farko, ta hannun wani abokinsa mai ofishin tafiye-tafiye a Peckham, wai ya fi sauƙi. Karimatu ta bar masa don ya ji shi ma ya yi wani abu. Jiya ya koma wurin abokin. An mayar da tikitin Houston.

"Ki kai kayan, ki huta, ki ci biki. Gidan Alhaji za ki sauka fa, ba hotal ba. In an watse ran Talata, in da sauran lokaci, sai ki leƙa ramin naki."

"Ramina."

"To mene ne in ba rami ba? Karima, tsakani da Allah, mutanen da na gaya wa dariya suka yi ta yi. Malam Abdul-Razak cewa ya yi in rami kike so a kai ki kududdufin bayan gidansu a Fagge, kyauta. Mace da girmanki, ki tsallaka teku ki je ki tsaya kina kallon inda babu komai?"

"Shi nake so. Inda babu komai."

"Yanzu kuwa in an tambaye ni sai in ce ta tafi bikin ɗan Alhaji Mijinyawa. Kin ji bambanci? A gaban jama'a ya kira ni a waya, ya ce Nata'ala, kai ɗan'uwa ne. Ya ce in ya dawo za mu zauna a kan maganar kula da gidajensa."

"Ya ce za ku zauna tun Hanifa tana primary."

Bai ji daɗin wannan ba. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓi shayin da ya huce.

Karimatu ta zauna a hannun kujera, takalmin yana cinyarta yana ɓata mata rigar aiki. Daga Houston zuwa kwarin ya ninka Kano zuwa Legas. Ran Talata matan sun gama sun watse, ɗakin ya koma hannun wani, hutunta ya kusa ƙarewa. Ta tuna hutun da ta ɗauka a baya. Ɗaya ya tafi a jinyar mahaifiyarsa. Ɗaya a bikin ƙanwarsa a Kaduna, inda ta yi mako tana tsaye a kan tukunya. Ɗaya da ɗan yayansa ya zo karatu ba shi da wurin kwana. Ba ta taɓa cewa a'a ba, shi ya sa ba a taɓa tambayarta ba.

"Ka san abin da ya fi ci mini rai?" ta ce. "Ba tikitin ba ne. Ka zauna a kujerar nan ina nuna maka hotuna, ina gaya maka inda rana take fitowa a kan dutsen, kana cewa ma sha Allah. Ashe kai a lokacin nauyin akwati kake aunawa."

"Kin fiye ɗaukar abu da zafi."

Hanifa ta riga ta zauna a ƙasa tsakanin kwalaye, yatsunta suna gudu a kan waya. "Abba, ba ni booking reference."

"Ke kuma da wa?"

"Yana email ɗin Umma, never mind." Ta ja allon sama, ta ja ƙasa. "Umma. Akwai seat a jirgin Vegas na gobe. Zan iya mayarwa yanzu. Har window seat ɗinki yana nan, ba wanda ya ɗauka."

Karimatu ta dubi takalmin da ke cinyarta. Takalma a wanke su da sabulun kwanuka, su kwana a kan hitar ɗumama ɗaki. Hijabai tana da wasu.

"Mayar."

"Karima, kada ki kunyata ni." Muryar Nata'ala ta canza, roƙo ya shigo cikinta. "Na riga na ba da baki. Me zan ce wa mutumin nan?"

"Ka ce masa matarka ta tafi kallon rami. Akwatin kuma ka kai wa masu cargo, aikinsu ne."

"Ba akwatin kaɗai ba ne."

"Ko goma ne."

"Ki saurare ni mana. Akwai saƙo ɗaya da ba a..."

Ƙararrawar ƙofa ta katse shi. Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi ƙasa. Karimatu ta tsallake ledoji ta nufi ƙofar da takalmin a hannu, ta shirya wa duk matar da ta kwaso wani ƙullin kuka kalamai masu daɗi da za ta koma da abinta.

Wani dogon direba ne cikin baƙar kwat, yana haki, da alama lif ya sake mutuwa. A gabansa keken marasa lafiya. A cikin keken wata tsohuwa ce ƙarama, an naɗe ta da bargo biyu, lalle ya yi baƙi a tafin hannunta, jakar magunguna a cinyarta. Idonta ɗaya ya yi fari. Da ɗayan ta bi Karimatu daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan rigar aikin.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Nata'ala?" in ji direban. "Hajiya Mero ce, yayar mahaifin Alhaji. An sallame ta daga asibiti jiya. Alhaji ya ce ta kwana a nan, tunda tare za su tashi da madam da safe."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta kama na Karimatu, ba ta damu da manjan ba. Hannun ba nauyi, sai sanyi.

"Ke ce 'yar tawa mai aikin asibiti? Allah ya yi miki albarka. Suka ce ba za a bar ni in hau jirgi ni kaɗai ba, ba na jin yarensu. Na ce to shi ke nan, ba zan ga auren Hamdan ba, ni da na goya shi. Sai aka ce Allah ya kawo wata baiwarsa, ita ma can za ta." Ta ƙara matse hannun. "Na yi ta kuka jiya, 'yar nan. Na daɗi."

Karimatu ta waiwaya. Nata'ala ya sami wani abin kallo a jikin labule. Hanifa tana durƙushe, yatsanta a saman wayar.

"Umma? In danna?"

Iskar baranda tana kaɗa bargon tsohuwar, ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Wani ya ɗora ƙafar hagu a karkace a kan matakin keken, in aka bar ta haka kafin magariba za ta yi ciwo. Karimatu ta ga hannunta ya ajiye takalmin a ƙasa, ya gyara ƙafar, ya ja bargon ya rufe ta. Babu wanda ya ce ta yi. Ta zagaya bayan keken, ƙafarta ta sami birkin ba tare da ta duba ba.

"Ajiye wayar, Hanifa."

"Umma, no."

"Na ce ki ajiye. Kawar da kwalin nan mu wuce."

Nata'ala ya yi tsalle ya fara share hanya, bakinsa har kunne. "Sannu da zuwa Hajiya! Sannu da hanya! Gidanki ne!" Karimatu ta wuce shi da keken ba ta dube shi ba, tayar ta bi ta kan manjan ta ja jan layi har tsakiyar falo.

"Bari in ɗauko sauran kayan," in ji direban daga ƙofa. "Akwai akwati uku a mota, da injin numfashinta."

Hajiya Mero ta ɗago kai tana shinshina iska.

"Wa yake miya da manja? Likita ya hana ni. Ke 'yar nan, tun yanzu in gaya miki, ni a jirgi bakin taga nake zama, kuma ba na barci, sai an yi ta yi mini hira. Me ma suka ce sunanki?"