Kunun Kanwa da Katin Odette

Tun kafin rana ta hau katangar gidan, Rahamatu ta riga ta gaji. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da jaririya a cinya, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura har silifa ta daina shigarsu. Zafin Garwa bai jira hantsi ba. Daga bayan ɗaki tana jin Goggo Hajjo na hura wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan wanka, tana tari, tana faɗa da itacen da ya ƙi kamawa.

Goggo Hajjo yayar mahaifinta ce, ita ta raine ta tun tana tsumma. Ita ce kuma ta baro Marwa ta zo yi mata wankan jego, tunda Mahmudu, mijin Rahamatu, yana can Lagdo yana jan motar duwatsu a aikin madatsar ruwa, sai ƙarshen wata yake leƙowa.

A makon da ya wuce ne Rahamatu ta kai jaririyar awo. Madam Henriette, ungozomar asibiti, ta bar 'ya ta kama uwa. Ta saurari ƙirjinta, ta dubi ƙafafun, ta ce zuciyarta ce ta gaza, ruwa yana taruwa a jikinta. Ta ba ta ƙwayoyi, ta kuma hana ta gishiri da kanwa. "Ko ɗanɗano," in ji ta. "In kika ci gaba da shan kunun kanwar nan, wata ce za ta goya miki 'yarki."

Da Rahamatu ta dawo gida ta faɗa wa Goggo, amma a hankali, kanta a ƙasa, kamar mai ba da labarin wata. Goggo ta ce matar asibiti ba ta san jego ba. Washegari ƙwaryar kunun kanwa ta zo kamar kullum, da zafinta da kaurinta. Tun daga ranar Rahamatu take faman ɓoye-ɓoye. In Goggo ta juya baya, ta zubar a gindin dalbejiya. In ta tsaya a kanta, ta shanye. Wata rana ma ba wanda ya tsaya mata, yunwar shayarwa ce ta sa ta shanye, ta kuma suɗe ludayin, sannan ta zauna tana jin haushin kanta.

"Maijego! Kin tashi ko har yanzu gimbiya ba ta ba ki izini ba?"

Odette ce, maƙwabciyarsu a gidan hayar, 'yar kudu, matar wani akawu. Ta fito da kujerarta 'yar tsugune da wani ɗan ƙunshi a hannu. Ita ma a cikin horon abinci take, likita ya ce ta rage ƙiba saboda gwiwoyinta, kuma duk gidan ba wanda bai san da rejim ɗin Odette ba, kamar yadda take kiran horon, don ba ta shan wahala a ɓoye. A ƙunshin akwai wasu katuna masu zane da wata Bafaranshiya da ta yi wa aiki a Duwala ta bar mata. Kowace safiya takan zaro ɗaya.

Ranar farko Rahamatu ta kau da kai, ta ce ita ba ruwanta da duba. Odette ta yi dariya har kujerar na ƙara. "Wane duba? Ni ban tambayi katin abin da zai faru gobe ba, ma sœur, 'yar'uwata. Hoto nake kallo, in tambayi kaina ko yau zan iya wuce mai ƙosai ban tsaya ba." Daga nan Rahamatu ta riƙa leƙawa da gefen ido, ba ta dai taɓa su da hannunta.

Yau Odette ta gauraya su, ta zaro ɗaya, ta yi tsaki.

"Ita ce kuma. Dubi. Mace da zaki."

Wata mace ce mai faffaɗar hula, ta sunkuya ta kama muƙamuƙin zaki da hannu biyu. Fuskarta ba tsoro ba fushi.

"Wai ƙarfin zuciya," in ji Odette. "Ka kame bakinka. To ni jiya zakina ya ci burodi da bota, ya ƙara da soyayyar ayaba. Naki fa?"

"Nawa ya sha kunu."

Odette ta daina dariya. "Duka?"

"Duka."

"Ke, naki ba irin nawa ba ne fa. Ni gwiwa ce. In na faɗi, kujera ce za ta sha wuya."

Rahamatu ta mayar da idonta kan hoton. Tana kallon matar cikin katin. Abin da ya tsaya mata shi ne yadda matar ta matsa jikin dabbar sosai, har rigarta na gogar gashinta. Ba daga nesa ta tsaya ba, ba ta kuma lallaɓa ta bayanta ba. Rahamatu ta tuna gindin dalbejiyar da ya yi fari da kanwa, da yadda take kasa kunne ga takun Goggo kamar ɓarauniya a ɗakinta.

Jaririyar ta motsa. Rahamatu ta yunƙura za ta miƙe da ita, sai numfashinta ya ƙi zuwa. Ta dafa bango, ta koma ta zauna, tana jan iska da baki. Odette ta karɓi jaririyar.

A haka Goggo ta iske su, da ƙwarya a hannu tana tururi. Ta dubi katunan, ta dubi Odette, ta taɓe baki.

"Madam, a kwashe mana kartar nan, gidan jego ne. Ke kuma karɓi, kafin ya huce."

"Goggo, ba zan sha ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan sha ba. Kuma wanda kike ba ni, rabinsa a gindin bishiya yake ƙarewa. Ki yafe mini."

Goggo ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi faɗanta tsoratar da Rahamatu. "Uwarki ma haka ta yi. Ta ce kunu ya ishe ta, wanka ya ishe ta. Sanyi ya shige ta, ta kumbura, muka binne ta kina 'yar jaririya. Ni na ɗauke ki daga gefenta. Yanzu kina so in sake ɗaukar wata?"

"Shi ne nake gudu, Goggo."

Ta kamo hannun tsohuwar, hannun da wuta da ruwan zafi suka gama ƙonawa saboda ita, ta ɗora babban yatsan a kan ƙaurinta, ta danna. Da ta ɗage, rami ya zauna a fatar, ya ƙi cikowa. Su uku suka tsaya suna kallonsa.

"Kin cika mini wanka, kin cika mini kunu, ba ki taɓa fashi ba. Ga shi kuma kullum ƙaruwa yake. Ban iya kwanciya sai a zaune. Ban ce kin yi laifi ba. Na ce ki zo mu je wurin Madam Henriette ki ji da kunnenki, ki yi mata duk tambayar da kike so."

"In nono ya ƙafe fa?"

"In ya ƙafe a nemi madara. Uwa fa, a ina za a nemo mata?"

Goggo ta sunkuya. Ta sake danna ƙafar da kanta, a wani wurin, ta jira. Sannan ta zauna a kan tabarma da nishi irin na wadda ta tashi tun asuba, ta jawo ƙwaryar gabanta.

"Gero ba ya zubuwa a ƙasa a gidan da nake," ta ce. Ta ɗauki ludayi ta fara sha, tana hura shi, fuskarta a murtuke. Can ta ɗago ta dubi Odette. "Madam, tunda kin zauna, wace rana matar nan take ganin mutane?"

"Gobe ma tana nan, Goggo."

"To. Zan je in ga wadda ta fi ni sanin jego." Ta juya ga Rahamatu. "Miyar rana kuma haka za ki ci ta salam ba gishiri, kada ki yi mini fuska."

"Ba zan yi ba."

Rahamatu ta karɓi 'yarta ta sa ta a nono, ta jingina kanta da bango. Yunwa take ji sosai, kuma rana ba ta ko kai tsaka ba.