Minti Ukun Baba Mai Rediyo

Karo na huɗu ke nan wayar tana gurnani a cikin aljihun keken ɗinkina, inda na kulle ta kwana tara da suka wuce. Na ɗage ƙafata daga kan feda. Aku tana zaune a ƙasa da littafin lissafi a cinya, amma idonta yana kan aljihun.

"Mama, su ne."

"Na tambaye ki?"

"Ba sa kira fa. Wallahi ba su taɓa kira ba, saƙo kawai suke yi."

Aku 'yata ce, ita kaɗai Allah ya ba ni, shekararta goma. Surutunta ya ja mata wannan suna tun tana rarrafe. Babanta yana aikin haƙar rijiyar burtsatse, sai ya yi wata biyu bai kwana a gida ba, saboda haka ido da kunne duk nawa ne. Wayar tsohuwarsa ce ya bar mata. Da na ƙwace ban kashe ta ba, kullum sai na yi mata caji na duba abin da aka turo. Kwana tara ban ga komai ba, kuma shirun nan ya fi damuna, don ruwa ba ya tsami banza.

Na buɗe aljihun. Saƙo huɗu, duk daga wata da ta kira kanta Nas. Na ƙarshen ya ce: "Aku, don Allah ki je ki buga ƙofar Baba yanzu yanzu."

Wato sun ƙirga kwanaki, sun ga na huce, za su aiko ta da ƙafarta.

Baba Mai Rediyo maƙwabcinmu ne, ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na biyu. Ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo da talabijin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Matarsa ta rasu, ɗansa yana can nesa. Ba ya shiga harkar kowa, amma kullum ƙarfe huɗu da rabi sai ka ji an buga cokali a jikin kofi sau uku, daga nan sai muryoyi su cika ɗakinsa, maza da mata, ana ta shewa. Na sha leƙawa ta ramin makulli in ga masu shiga. Takalmi ɗaya ne a bakin ƙofa, nasa.

Aku ce ta gano sirrin, ranar da na aike ta ta kai masa wayar ya gyara mata wurin caji. Ta dawo tana haki. "Mama, Baba gem yake bugawa a talabijin! Yana da tsibiri, ya gina gada! Muryoyin nan na abokan wasansa ne, ta waya suke hira!" Na yi dariya a lokacin. Na bar ta tana zuwa, don duk sanda ta shiga sai ya tokare ƙofar da kujera ta zauna a buɗe. Daga baya na ce a raina, wanda ba shi da abin ɓoyewa me ya sa yake nuna mini bai ɓoye ba?

Rannan na tsaya a bakin ƙofar da tsintsiya a hannu na saurara. Wani ƙato mai murya kamar injin niƙa yana cewa, "Jiya mutum goma sha biyu na harbe, na gudu da motarsu." Na san wasa yake nufi, ni ba sakarya ba ce. Amma na ji 'yata ta ƙyalƙyale da dariya, ya kuma kira ta da sunanta. Ashe har sun saka lambarta a guruf ɗinsu.

Na shiga na fizgo hannunta. "Baba, da girmanka?"

Ya ajiye rimot ɗin wasan a hankali. "Girman ne ya kawo haka, 'yata. Ƙafa ta ƙi, abokai sun riga ni tafiya. Ki jawo kujera ki ji da kunnenki. Kowa minti uku yake yi, ya faɗi abin da yake bugawa da yadda ya same shi. Shi ke nan."

"Ka san fuskarsu?"

"Ko ɗaya. Shekara shida."

"To ni 'yata ba ta hira da marasa fuska."

Bai yi musu ba. Ya ce, "Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Na ji, kuma zan gaya musu kada wanda ya neme ta." Tun daga ranar, gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu.

Wayar ta sake ɗaukar gurnani a hannuna. Na danna, na yi shiru, ina so in ji da wace murya suke magana da yara.

"Aku? Aku, kina ji?" Mace ce, babba, tana magana da sauri.

"Uwarta ce."

"Alhamdu lillahi, gara ke. Maman Aku, ki yi haƙuri, Baba ya hana mu kiran layin nan, amma ba mu da wata lamba a gidanku. Ki duba mana shi."

"Ke wace ce?"

"Nas suke ce mini. Aikina ke nan."

"A wane asibiti?"

"Haba baiwar Allah, ko na faɗa ba ki san shi ba, tsakaninmu tafiyar kwana ce. Ki ji ni. Tun ƙarfe biyu da minti goma mutuminsa yake tafiya a jikin bango."

"Mutuminsa?"

"Na cikin gem, a tsibirin da muke shiga tare. Akawu, ɗaya daga cikinmu, shi ne ya fara gani da ya leƙa a lokacin hutunsa, ya ɗauka netwok ne. Yanzu mun shigo, har yanzu yana nan, goshi a bango, ƙafa na tafiya. Mun kira wayarsa ba ya ɗauka."

"Barci ya yi."

Sai muryar injin niƙan nan ta faɗo. "Hajiya, Tirela ne, ina gaisuwa. Mai barci hannunsa sakewa yake, mutumin ya tsaya cik. Wannan danne abin aka yi. Kuma Baba bai taɓa makara ba, shi ke buga kofi."

"Kai ne mai harbin mutum goma sha biyu?"

"Ni ne. Ki zage ni gobe, zan tsaya. Yanzu dai ki tafi."

Na kashe wayar. Zan faɗi gaskiya, tunda ita na zauna rubutawa: ban tafi ba. Na koma kan keke na ƙarasa hannun rigar da nake ɗinkawa. Ina ɗinki ina lissafi. In tarko ne, me suke so? In buɗe ƙofata? In bar yarinya ita kaɗai? In da shi aka haɗa baki don a sa in ji kunya in mayar da waya fa? Na kira babanta, layinsa bai shiga ba. Aku ba ta ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Hawaye kawai ke ɗiga a kan littafin lissafi.

"Mama," ta ce daga ƙarshe, "yau kin ji kofi?"

Na saurara. Gidan shiru, sai famfon ƙasa da ke ɗiga. Agogo ya nuna biyar da minti biyar.

Na kulle ta a ciki, na sa makulli a ɗan tofina, na tsallaka. Na buga, na kira, na sake bugawa. Ta ƙasan ƙofa ina jin wani ɗan kiɗa yana maimaita kansa, da wani sauti, tak, tak, tak. Na sauka da gudu na kira mai gadi da mai walda na shagon ƙasa. Da ƙarfen cire taya suka ɓalle sakatar.

Yana kwance a gefen dama tsakanin kujera da tebur, rimot ɗin wasan a danne ƙarƙashin ƙirjinsa. Idonsa a buɗe, bakinsa ya karkace. Kofin da cokalin suna kan tebur an riga an jera su. A talabijin wani ɗan mutum mai hular kano yana ta tafiya, goshinsa a jikin farin bango.

"Baba! Baba, ni ce!"

Ya kalle ni, ya motsa yatsun hagu. Na ga yana ƙoƙarin jan rigarsa ya rufe cikinsa. Na rufe masa.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ya tambayi tun yaushe. Na ce, "Biyu da minti goma." Ya ɗago ya dube ni. "Kina wurin?" Na ce a'a, amma akwai waɗanda suka gani. Da zai wuce na tare shi na ce, da an kawo shi rabin awa kafin haka fa? Ya ce ba zai iya ce mini komai a kai ba. Na so ya yi mini ƙarya.

Nas ce ta nemo ɗansa, ashe Baba ya daɗe da ba su lambar. Ita ta riƙa gaya mini abin da zan tambayi masu jinya, da yadda zan jiƙa masa leɓe da auduga. Duk abin da ta faɗa sai na je na tambayi nas ɗin asibitin ko haka ne. Haka ne.

Washegari na je da Aku. Wajen huɗu da rabi Baba ya fara dukan ƙarfen gado da farce, yana kallon jakata. Na gane. Na ciro wayar, na buɗe murya, na riƙe ta a hannuna ban ba kowa ba. Aku ta sa masa cokalin shayi a hannun hagu. Ya buga sau uku.

"Tsoho ya dawo!" in ji Tirela. "To ni zan fara. Na samu wani sabon gem na tuƙin babbar mota."

"Kai jama'a," in ji Nas. "Mutum ya wuni a sitiyari, ya sauka ya sake hawa sitiyari. Ba ka da lafiya."

"Ki bari ki ji. A nan ba rami, ba mai tsayar da kai. Amma sun yi ƙarya a birki. Mota da kaya tan talatin ta tsaya kamar keke? Wanda ya haɗa shi bai taɓa saukowa gangara ba."

Akawu mutum ne mai sanyin murya. Ya ce shi har yanzu yana wurin dodon nan mai ƙaho, dodon ya kashe shi sau arba'in da ɗaya. "Amma jiya na lura, kafin ya kai duka sai ya ɗaga kafaɗar hagu. Na fara jin tausayinsa ma. Shi kaɗai a kogo, ba mai zuwa sai ni."

"Ka aure shi mana," in ji Tirela.

Nas ta ce nata na noma ne, ta shuka kabewa ta tafi aiki, ta dawo ta tarar akuyar da ta saya da tsada ta cinye. "Na ji haushi kamar gaske. Amma in na dawo daga ɗakin marasa lafiya, ba abin da nake so sai wurin da in ka ba abu ruwa zai tashi. Aku, ke fa?"

'Yata ta saci kallona. "Ni ba na buga komai. An kama wayata."

Suka fashe da dariya, har matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta murmusa. Ni ban yi ba.

"Saura Baba," in ji Nas a hankali.

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Na sunkuya, na kai wayar bakinsa.

"Bangon... ya faɗi?"

"Ina fa!" in ji Tirela. "Awa uku kana tura shi, Baba, ko gezau. Wa ya gina shi?"

"Ni."

Ya yi dariya da rabin baki. Sannan ya juyo da ido kaina, ya ɗaga yatsa uku, ya nuna ni.

"Ni ba na buga komai, Baba," na ce. "Ɗinki nake yi."

"To yaya kika same shi?" in ji Akawu, da gaske yake tambaya.

Na ce zare yana yawan tsinkewa. Suka ce haka nasu ma.

Ya rasu washegari da hantsi, ɗansa yana riƙe da hannunsa, ni ina gida ina yanka yadi. Allah ya jiƙansa. Bayan mako ɗan ya zo kwashe kaya, ya ƙwanƙwasa mana da kwali a hannu: na'urar wasan, rimot, kofi da cokali. Ya ce ya ga takarda a liƙe a ƙasan na'urar an rubuta "Na Aku, in uwarta ta yarda." Tawadar ta tsufa, ba rubutun makon nan ba ne.

Na kwana biyu kwalin yana bayan ƙofa. Rana ta uku na rubuta sharuɗɗa na manna a bango: a falo, a gabana, murya a buɗe, awa ɗaya, kuma ranar da na ji abin da ban so ba, an gama. Na karanta musu. Tirela ya ce ko a shingen hanya bai ga irin wannan bincike ba. Na ce masa har yanzu ina binsa zagi. Ya ce yana sane.

Huɗu da rabi ta yi, kowa ya shigo, ba wanda ya yi magana. Aku ta tura mini kofin. Na buga sau uku.

"Minti ukun Baba ne farko," in ji Nas.

Muka yi shiru. Ta cikin wayar ina jin mota tana huci a gefen wata hanya, da jariri yana kuka a wani gida da ban sani ba. Aku ta kunna na'urar. Ɗan mutumin mai hular kano yana nan inda aka bar shi, goshinsa a bango. Ta juyo da shi a hankali, ta bi da shi ta kan gada, ta zaunar da shi a bakin ruwa. Ni kuma ina kallon agogo, cokalin yana hannuna.