Ƙarfen da Ya Bi Dusa

"Daga bana ƙarancin jini ya ƙare a ƙasar Bagudo," in ji jami'in gona da ya kawo sabon irin gero taron manoma a ƙauyen Geza. Ya ce masana sun zaɓo irin da ya gaji halin zuƙo sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga ƙasa ya tara a tsaba. Aka tafa.

Haliru ya shuka, ya girbe, ya miƙa wa matarsa Safina, mai tsohon ciki, wadda tafin hannunta ya yi fari fat. Ta surfa geron tas yadda uwarta ta koya mata, ta zuba wa akuya dusar. Ƙarfen kuwa da yawansa a dusar yake. Ba a yi maganar turmi a taron ba.

Akuyar ta yi ɓul-ɓul. A kasuwar Lolo wani ɗan Benin ya shafa bayanta.

"Maigida, mi kake ba ta haka?"

"Kimiyya," in ji Haliru.

Ranar haihuwa, malamar asibiti ta duba idon Safina, ta ce sai an ƙara mata jini. Yayan Safina, Bunyaminu, wanda bai ma je taron ba, ya naɗe hannun riga ya kwanta a ɗebi nasa.