Huji Biyar a Bel Ɗin Muhsin

Bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a watan Agustan 1991, aka kira ma'aikata Birnin Kebbi domin tantancewa, ciki har da Muhsin, duba-garin Bagudo. Da can kwalbar lemo shida yake sha kullum idan ya fita zagaye har bakin iyakar Benin, amma wata takwas ke nan da ya koma ruwan randa.

Shugaban kwamitin, wani mai tumbi, ya dubi hoton da ke fayil, ya dubi Muhsin.

"Wanga mai kumatu ba kai na ba. Aikin wa kaz zo ci?"

Muhsin ya ga za a soke sunansa. Sai ya kwance bel ɗinsa ya ajiye bisa tebur.

"Ranka shi daɗe, duba tsohon hujin da ƙarfe ya cinye. Biyar ɗin ga sababbi na, tun da nib bar lemo."

Shugaban ya daɗe yana kallonsu baki buɗe. Ya sa hannu a takardar, sannan ya ture kwalbar lemon da ke gabansa gefe.