Dosiyen Kowa

Ni na ja wayoyin da hannuna, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifin.

A watan Maris na 2007 ne, wata shida bayan na dawo Garoua daga jami'a da digirina na kwamfuta. Aiki bai samu ba. Kawuna Alhaji Dawuda, wan mahaifiyata, wanda ke fataucin masara da gyaɗa daga Ngong da shinkafa daga Yagoua, ya ce in zo in haɗa masa kwamfutocin ofishinsa guda huɗu, tunda ya ji an ce suna iya magana da juna.

Aikin ba shi da wuya. Kowace kwamfuta ana jona mata shuɗiyar waya a baya, wayoyin su bi gindin bango su haɗu a wani ƙaramin akwati mai korayen fitilu da muke kira suwic. Sai a ba kowace kwamfuta lambarta, don in saƙo ya shigo akwatin ya san inda zai nufa. Daga nan waya ɗaya ta wuce zuwa layin tarho, ita ce hanyar intanet. Kwana biyu na yi ina rarrafe a ƙarƙashin tebura cikin zafin nan na bazara, mayafina ɗaure a ƙugu. Baba Zacharie, mai kula da sito, shi ya riƙe mini tsani lokacin da na ratsa da waya ta saman ƙofa, yana cewa, "A hankali, Injiniya. In kika faɗo ba mu da wata."

Inda na gaza shi ne wajen bayani. Ranar da na gama, Kawu ya tara ma'aikata ya ce in koya musu. Na tsaya ina kallon siminti, ina zuba Faransancin littafi kamar ina gaban malamin jarrabawa.

"Lauratu, ɗaga murya," in ji Kawu. "Ba addu'a kike yi ba."

Aka yi dariya. Na ƙara sauri don in gama. Da na yi shiru kowa ya ce ya gane, ni kuma na san ba wanda ya gane, amma na ji daɗi da aka sake ni.

Bayan an watse, Madam Denise ta kira ni teburinta. Shekara ashirin da uku tana buga wa Kawu wasiƙu, tun zamanin tafireta. Daga duwatsun wajen Mokolo ta zo tana budurwa. Ina ƙarama, in mahaifiyata ta biyo da ni ofis, ita ke ɗora ni a cinyarta ta bar ni in danna haruffa.

"Ma fille, 'yata, bar dogon Faransancin nan," ta ce. "Ni dai nuna mini inda zan riƙa ajiye takarduna."

Na riga na buɗe dosiye ɗaya, wato ma'ajiyar takardu, a kwamfutarta, na sa masa suna Commun, ma'ana na kowa, na kuma buɗe shi ga sauran ukun, don Kawu ya riƙa ganin wasiƙu daga ɗakinsa. Na nuna mata shi na ce, "Nan, Madam. Komai ki sa nan."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce mata duk abin da ta sa a ciki zai bayyana a ɗakin Kawu da sito da teburin gaba ba. A wurinta kwamfuta kamar aljihun tebur ce, abin da ka sa a naka yana naka.

Bayan kwana tara ina sito ina gwada layin, sai na ga wani sabon suna a cikin dosiyen, tsakanin wasiƙar direbobin Ngong da ta masu shinkafa: Docteur. Ba ruwana da shi. Na buɗe.

Wasiƙa ce zuwa ga wani likitan ido a kudu. Ta rubuta cewa idonta na hagu hayaƙi kawai yake gani, na dama ma ya fara. Kusan shekara guda ke nan yatsunta ne ke aikin, don sun san mazaunin kowane harafi, 'yarta Yvette kuma ke duba mata takardun a gida kafin ta miƙa. Ta roƙi likitan ya sa mata ranar aikin ido a watan Yuli, lokacin hutunta, domin maigidanta na ofis bai sani ba, kuma ba ta son ya sani. A ƙarshe ta ce in ya sani, kujerarta ta tafi, kuma babu mai ɗaukar mace mai shekara hamsin da biyu.

Na karanta har ƙasa. Da na rufe sai abubuwan da na daɗe ina gani suka zauna daidai: yadda take manna fuska da gilashin kwamfuta, yadda ta mai da haruffa manya-manya ta ce wai Alhaji ne ke son haka, yadda take shafa gefen tebur kafin ta ajiye kofi.

Abin da ya kamata in yi a fili yake. Teburina da nata ɗaki ɗaya suke. Amma in na ce mata ta cire wasiƙar, na gaya mata ke nan na karanta. In na ɗauke ta a ɓoye, za ta neme ta ta rasa, don kullum sai ta buɗe ta gyara wani layi, ina gani daga lokacin gyara da ke jikin sunan. In kuma na rufe dosiyen gaba ɗaya, Kawu zai yi kira, domin ya riga ya saba. Kowace safiya sai ya buɗe ya danna wasiƙa ta fito a firinta, yana murmushi. Faransancinsa na baki ne, ba ya karantawa sosai, da sunayen garuruwa yake gane wasiƙun. Da wannan na riƙa kwantar wa kaina hankali.

Kwana uku ina gaishe ta da safe ina kasa kallon fuskarta. Sau biyu na tsaya a bakin teburinta, ta ce, "Mene ne, ma fille?" na ce ina duba waya ne.

A gidanmu ƙarami ba ya tarar babba da magana mai nauyi. Sai ya nemi wani babba ya ɗauka masa. Haka na ga mahaifiyata na yi tun tasowata, ko da Kawu za ta yi wa magana sai ta bi ta kan gwaggonsu. Don haka a rana ta huɗu na tafi sito wurin Baba Zacharie. Cocinsu ɗaya da Madam Denise, kuma ya girme ta.

Na same shi zaune a kan buhun gyaɗa yana fifita da kwali.

"Injiniya da kanta! Jam na, lafiya? Ko sito ma za a ja wa buhuna waya ne su riƙa gaisawa?"

"Baba, saƙo nake so ka kai mini wurin Madam."

"Madam da ke zaune kusa da ke? Ƙafa ce ta yi ciwo ko baki?"

Na sunkuyar da kai. Na ce akwai wata takarda tata a cikin dosiyen da kowa ke gani, ya gaya mata ta cire, kada ya ce ni na faɗa.

"Wace irin takarda?"

"Tata ce kawai, Baba."

"Ta ina kowa ke gani? Ai injinta na ɗakinta."

Nan ma ya kamata in zauna in yi masa bayani. Sai na ce, "Wayar ce ke kawowa," na juya na fita, ina jin sauƙi kamar na sauke tulu.

Ban yi lissafi da halin Baba Zacharie ba. Mutum ne da ba ya ɗaukar kayan da bai leƙa cikinsa ba, ko buhu aka kawo sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar. Kuma a fahimtarsa, waya ce ta lalace tana yoyon takardu, wannan kuwa matsalar ofis ce, ta maigida.

Washegari da hantsi ina zaune, Madam Denise na bugu, sai na ga ya wuce mu ya shiga ɗakin Kawu. Bai rufe ƙofa ba, ba a rufe ta saboda zafi.

"Alhaji, Injiniya ta ce injin na zubar da takardun Madam. Duba naka mu gani ko sun zubo nan."

Na ji ƙarar kujerar Kawu. Na ji ya ce, "Wannan Ngong, wannan Yagoua. Wannan fa? Zo ka karanta mini, kai ne ɗan lakwal, ka yi boko."

Ina iya tashi a lokacin. Taku biyar ne zuwa ƙofar. Akwatin suwic ma yana bayana, da na zare waya ɗaya da komai ya ɗauke. Na zauna, hannuwana a cinya.

Baba Zacharie ya fara karantawa da muryar da yake karatu a coci, yana fassara wa Kawu layi-layi. "Monsieur le Docteur... ta ce tana gaisuwa. Ta ce idonta na hagu..." Ya ɗan tsaya. Kawu ya ce, "Ci gaba mana." Ya ci gaba, muryarsa na raguwa, amma ɗakin ƙarami ne.

Yatsun Madam Denise suka tsaya. Ba ta juyo ba. Ta ɗora tafukanta biyu a kan tebur, ta zauna a miƙe har aka kai layin ƙarshe.

Kawu bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya fito da kansa ya tsaya a gabanta, ya cire hula ya sake sawa.

"Haba Denise. Shekara ashirin da uku, sai a inji zan ji?"

"Yuli kawai nake jira, Alhaji."

"Wasiƙun da na sa wa hannu duk shekarar nan, yarinya ce ke dubawa a gida? Takardun ofis a gida?"

"Babu wadda ta fita da kuskure."

"Na sani. Ban ce akwai ba." Sannan ya ce, "Je ki huta. Ki nemi lafiya tukuna, ido ba abin wasa ba ne. In ya buɗe sai mu gani. Lauratu za ta riƙe teburin."

Duk wanda ya san Kawu ya san abin da "sai mu gani" ke nufi. Baba Zacharie ya fito ya raɓa ta gefen bango ya koma sito, bai kalli kowa ba.

Da Kawu ya tafi masallaci sallar Juma'a, ɗakin ya rage ni da ita. Tana haɗa kayanta a jaka: kofi, ƙaramin tawul, hoton Yvette da rigar makaranta.

"Lauratu," ta ce. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. "Zo nan."

Na je na durƙusa a gefen kujerarta.

"Tashi, ba roƙo na ce ki yi ba. Jawo kujera. Yaushe kika gani?"

"Ranar Litinin, Madam."

"Yau Juma'a."

"E."

"Kin karanta duka?"

"E."

"Zacharie ne ya fi ni kusa da ke?"

"Kunya na ji, Madam."

"Kunya." Ta jinjina kai. "Kin ji kunyar gaya mini ni kaɗai. To yanzu har direbobi sun sani kafin la'asar." Ta jawo abin bugun gabanta. "Bari wannan. Yi mini bayanin abin nan. Da Hausa, yadda za ki gaya wa mai sayar da albasa. Ina so in san abin da ya same ni."

Sai na yi. Na ce mata ta ɗauki kwamfutarta kamar ɗakinta, sauran ukun ɗakunan maƙwabta, wayar kuma ita ce hanyar da ta haɗa su. Abin da ke cikin ɗaki ba mai gani. Amma dosiyen nan ba cikin ɗaki yake ba, tabarma ce na shimfiɗa a tsakar gida, duk wanda ya leƙo zai ga abin da ke kai. Na nuna mata ɗan hoton hannu da ke ƙarƙashin dosiyen, alamar cewa a buɗe yake ga kowa. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta ce ba ta ganinsa.

"Mutanen intanet fa? Su ma sun gani?"

"A'a, Madam. Bai fita daga ofis ba. Sai in an aika."

"To, da sauƙi," ta ce, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Bayanin nan naki, minti nawa ya ci?"

Ba ta jira amsata ba.

"Sa mini wasiƙar a abin nan naku na aljihu, har yanzu ina bukatarta. Sannan ki share ta daga tabarmar."

Na kwafe mata a makullin USB ɗina, na goge ta daga dosiyen. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta. Na ɗauki jakarta zan raka ta bakin titi ta hau babur, ta karɓe.

"Zauna. Akwai wasiƙar masu shinkafa, na tsaya a tsakiya. Alhaji na son ta kafin motar Yagoua ta tashi."

Ta fita tana bin bango da yatsu, yanzu da ba ta da wanda za ta ɓoye wa. Na zauna a kujerarta. Haruffan da ke gabana manya ne ƙwarai, layi shida sun cika gilashin. Na kai hannu zan rage su, sai na fasa, na ƙarasa wasiƙar a haka.